Wanda Ya Ga Aso

Sumud, Agusta 1997

Kawu Nauzad gyan, abin ƙaunata,

Ina sumbatar hannunka, ina gaida Gwaggo Parwin da ƙanwata Cinar. Da fatan Amurka tana karɓarku. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Bana ƙasarmu ta Garmiyan ta fi yadda ka bar ta, ko karnuka ba sa haushi da rana. Gwiwar Inna ta ɗan sake ta, amma tarin nan yana nan. Garin alkamar da ake rabawa ya fara zuwa a kan lokaci, shi ma alhamdu lillahi.

Kawu, na ci jarrabawa. An ba ni gurbi a jami'ar Sulaimani, sashen harshe da adabin Kurdawa. Malamarmu, Mamosta Bahar, da ƙafarta ta zo gida ta faɗa mana. Inna ta kawo mata shayi, ta yi mata godiya, ta raka ta har bakin ƙofa. Tana dawowa ta ce, "Ba inda za ki."

Na ce, "Inna, Sulaimani ce fa, ba Bagadaza ba. In na tashi da safe, kafin azahar na isa."

Ta ce, "Su ma da aka sa su a mota, cewa aka yi tambaya kaɗan za a yi musu su dawo."

Ka san yayarka. Shekara tara ke nan tun harin Anfal, tun da sojoji suka rushe garinmu Kani Hanar suka kwaso mu zuwa sansanin Topzawa, aka raba layin maza da na mata, Baba da Yaya Aso suka tafi a wancan layin. Har yau ba ta taɓa kwana a wani gida ba, wai kada su zo su tarar da ƙofa a rufe. Da 'yar gwaggonku ta rasu a Kifri, zuwa ta yi ta yi gaisuwa a tsaye ta juyo.

Ba na cewa na fi ta. Ni ma idan babbar mota mai rufaffen baya ta tsaya a bakin titi, sai in sauya hanya. Amma bara Mamosta Bahar ta ara mini wani littafi da aka fassara daga wani harshe mai nisa, labarin mutanen da aka cusa a taragon jirgin ƙasa aka tafi da su. Ban san ƙasarsu ba, ban san addininsu ba, amma na san warin da marubucin yake faɗa. Ashe akwai kalmomin da za su iya ɗaukar irin wannan abu. A nan ba a faɗinsa. Mace ta dafe ƙirji ta ce "wancan lokacin", shi ke nan an rufe magana. Ina so in je in koyi yadda ake faɗinsa da harshenmu.

Don Allah ka rubuto mata. Ta kan ce kai kaɗai ne namijin da ya rage mata, ko da yake ita ta goye ka. Rajista tana rufewa a watan Nuwamba.

'Yarka,
Sirwa

*

Nashville, Satumba 1997

Sirwa gyan,

Ina sumbatar idanunki. Takardarki ta iso ta hannun wani ɗan Duhok, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune. Madalla da ke. Allah ya sa albarka, ya jiƙan uban da ya fara riƙa miki alƙalami.

Muna lafiya, sai ciwon baya. Kawunki da ya yi shekara goma sha biyar yana koyar da nahawu, yanzu zannuwan gado yake ninkewa a wani otal. Idan injin wanki yana juyawa na kan riƙa karanto waƙoƙin da na haddace a raina, don kada su gudu. Parwin ta sami shagon da ake gasa gurasa irin tamu, ta daina kuka a kan burodinsu mai kama da auduga. Ƙungiyar agajin da na yi wa tafinta, wadda saboda ita aka kwaso mu, tun a filin jirgi muka rabu.

Bari in ba ki labarin Cinar. Malamarsu ta kira ni makaranta, wai ta tarar da gutsattsarin gurasa a jakarta, wasu har sun yi funfuna. Ta tambaye ni ko babu abinci a gidanmu. Kunya ta kama ni. Abinci cike da gida. Amma Parwin tana ɓoye gurasa a ƙarƙashin matashi tun gudun da muka yi kan duwatsu, yarinya ta gani. Ni kuma ba na zama sai na taɓa makullin ƙofa na sake taɓawa, ita ma yanzu haka take yi. A baya aka goye ta lokacin gudun, ba ta tuna komai, ba mu kuma gaya mata komai ba. Duk da haka ta kwashe tsoronmu duka. Kwanaki ta tambaye ni wa ke cikin hoton da ke bango, na ce ta ci abincinta. Ta ba ni amsa da Turanci.

Yanzu ki karanta wa innarki wannan.

Yaya Runak, ina gaishe ki gaisuwar ƙane. Kin tuna da suka zo Kani Hanar, makaranta da masallaci suka fara rushewa, sannan suka zuba siminti a bakin maɓuɓɓugar ruwa. So suke kada a sami wanda zai ce a nan an taɓa yin gari. Idan kin riƙe yarinyar nan a gida, tsoronki kawai za ta gada, kamar yadda tawa take gadon nawa. Ki sake ta ta je ta yi karatu. Ranar Alhamis za ta riƙa dawo miki.

Wanda zai tafi da takardar nan yana jirana a mota, dole in rufe. Abu ɗaya: ranar Juma'a na haɗu da wani dattijo ɗan yankinmu a masallaci, Mam Darwesh, bai daɗe da zuwa wurin ɗansa ba. Da na ambaci Kani Hanar da gidan babanki Faraj, ya ce ya ga Aso da idonsa. Wannan tsakanina da ke ne, Sirwa, kada innarki ta ji tukuna. Zan je gidansa in ji komai a natse.

Kawunki,
Nauzad

*

Sumud, Oktoba 1997

Kawu,

Ina gaishe ku duka. Muna lafiya. Inna ma lafiyarta ƙalau, ta fi kowane lokaci da na san ta, kuma wannan ne abin da ke ba ni tsoro.

Ka manta yadda ake karɓar wasiƙa a Sumud. Direban da ya kawo taka bai gama ajiye mota ba, maƙwabciyarmu Sabriya da wasu mata biyu sun shigo sun zauna. Na buɗe a gabansu na fara karantawa da ƙarfi kamar kullum. Sun yi dariya a kan burodin auduga. Da na zo wurin makaranta, Inna ta kawar da kai. Na ci gaba, na karanta "ya ce ya ga Aso da idonsa", sai idona ya sauka a kan layin da ke biye. Bakina ya riga idona, Kawu. Me ya sa ba ka sa gargaɗin a gaba ba?

Can Inna ta ce, "Sake karantawa."

Na sake.

Ta ce, "Nuna mini inda sunan yake."

Na ɗora mata yatsa a kai. Ta karɓe takardar ta cusa a ƙirjin rigarta, har yau tana can.

Kafin magariba rabin matan unguwa suna ƙofarmu, kowa da hoto a hannu. Wannan ta ce a tambayi dattijon ko ya ga Rostam ɗinta, waccan ta ce nata yana da tabo a gira. Tsohuwar maganar nan ta sake tashi, wai suna tsare a wani kurkuku cikin hamada ta wajen iyakar Saudiyya, wai an sayar da wasu suna aikin ƙarfi a ƙasashen waje. Sabriya ta ce ita dama ta sani, ta yi mafarki.

Inna ta shafe ɗakin baya da farar ƙasa. Ta kira mai shiɓar auduga ya gyara katifa. Ta sayi yadi ta kai wa tela. Tela ya ce, "Ina awonsa?" Ta ce, "Shekararsa ashirin da uku yanzu. Ka ɗinka a kan awon ubansa, ka ƙara masa tsawo kaɗan." Tana cin abinci. Shekaranjiya ta tsokani mai sayar da kankana har ta yi dariya. Ban san tana da wushirya ba sai ranar.

Maganar jami'a kuwa, da na ɗauko ta sai ta dube ni kamar na yi saɓo. "Yayanki zai dawo bayan shekara tara ya tarar ba kya gida?"

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma abin ya shiga raina. Na kan kama kaina ina tunanin ko zai gane ni. Amma da na nutsu na maimaita jimlarka a kaina, sai in ga ba ka ce yaushe ba, ba ka ce a ina ba. Yaushe ya gan shi, Kawu? Bara, ko wancan lokacin? Ka rubuto da duk wanda ka fara samu, ko layi ɗaya ne.

Sirwa

*

Sumud, Janairu 1998

Kawu,

Da fatan kuna lafiya, tun da ba mu da hanyar sani. Nan sanyi ne da ƙarancin kananzir. Tarin Inna ya dawo, ya fi na da.

Rajista ta rufe. Mamosta Bahar ta yi iya ƙoƙarinta, an ce mata in sake nema baɗi. Na roƙi direban nan ya buga lambar da ka ba mu daga shagon waya a Sulaimani. Ya ce wata Baturiya ce ta ɗauka, bai ji abin da ta faɗa ba, ita ma ba ta ji nasa ba.

Inna ta daina jira a ƙofar gida. Yanzu mararraba take zuwa, inda motocin kudu suke sauke mutane, ta tsaya cikin iska tana duba fuskar duk saurayin da ya sauko. In na je ɗauko ta sai ta ce, "Saura mota ɗaya." Matan unguwa sun rage zuwa. Sabriya tana faɗa a wurin ɗiban ruwa wai ka sami hanyar fito da naka ne, shi ya sa ka yi shiru a kan na sauran mutane.

Ka tuna lokacin da kake koya mini rubutu a gidanku na Kalar? Idan na rubuta jimla ban faɗi lokacin da abu ya faru ba, jan kunnena kake yi, ka ce, "Jiya ko gobe, malama?" To, Mamosta, malamina, jiya ko gobe?

Na mayar wa Mamosta Bahar littattafanta. Idan na buɗe shafi sai in ji kamar haruffan suna yi mini dariya. Na gaji, Kawu. Ban san mutum yana iya gajiya haka ba tare da ya yi aikin komai ba.

Sirwa

*

Nashville, Fabrairu 1998

Sirwa gyan,

Muna lafiya a jiki. Mun sauya gida, shi ya sa lambar ta daina aiki. Takardunki biyu tare suka iso makon nan, sun yi zaman jira a jakar wani mutum a Jamus. Ni kuma na rubuto tun Nuwamba, wanda na ba ya kasa tsallaka iyakar Turkiyya, ya dawo mini da ita a aljihunsa. Da na gama karanta taki ta farko ban iya zuwa aiki ba.

Jiya ne, 'yata. Tun wancan lokacin ne.

Mam Darwesh ya gan su a Topzawa, a watan Afrilu na shekarar, bayan an raba su da ku. Zan rubuta miki yadda ya faɗa, ba zan rage ba.

Ya ce an fito da maza tsakar fili ana sake tacewa. Masu furfura gefe ɗaya, masu ƙarfi gefe ɗaya. Shi furfurarsa ta fito da wuri, ita ta cece shi. Da aka zo kan Aso, sojan ya kama haɓarsa ya duba, ya ga ko gashin baki bai fito ba, sai ya tura shi wajen tsofaffi. Aso ya zo ya tsaya kusa da Mam Darwesh. Amma babanki ƙafarsa ta kumbura tun dukan da aka yi masa a hanya, ba ya iya tsayuwa shi kaɗai. Da layinsu ya fara tafiya sai ya faɗi. Aso ya fita da gudu. Mam Darwesh ya ce, "Na kama rigarsa, wallahi na kama, ya fizge." Babanki yana daga ƙasa yana cewa, "Koma! Koma wurin dattawa, ɗan banza, koma!" Yaron bai ko dube shi ba, ya sa kafaɗa ya ɗaga shi. Sojan ya ɗaga kafaɗa ya ɗaure hannayensu tare.

An sa su a motocin nan marasa taga. Mam Darwesh ya ce, "Ban ga mutuwarsu ba, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Amma motocin sun dawo babu kowa a ciki, aka sake cika su." Shi aka kai shi kurkukun Nugra Salman da sauran tsofaffi, ya fito da rai bayan watanni.

Da na rubuta "ya gan shi", ban kawo wata ma'ana a raina ba sai wannan, domin ni na daɗe da binne su a zuciyata. Na manta ita ba ta binne ba. Na ci miki shekara, na ba ta abin da zan dawo in ƙwace. Ban san da wane baki zan nemi gafararku ba.

Ranar da na koma wurin dattijon na tafi da Cinar. Parwin ta ce yarinya ce, na ce ta riga ta ɗauki kayan, gara ta san abin da ke ciki. Ta zauna ta ji, rabi ta gane rabi na fassara mata. A mota ta tambaye ni, da harshenmu, shekarun Aso nawa. Na ce sha huɗu.

Ke ce mai karatu a gidan nan. Ba zan ce ki karanta mata ba, ba zan ce ki ɓoye ba. Kin fi ni ganin halin da take ciki.

Kawunki,
Nauzad

*

Sumud, Afrilu 1998

Kawu,

Ina gaishe ku. Inna tana kwance amma da sauƙi, likita ya ce ƙirjinta ne, ya ba ta allura. Ni lafiya.

Ka iya sauke kaya a kan mutum cikin ladabi. Na tare direban a kan hanya kafin kowa ya gan shi, na karanta takardar a bayan makaranta. Na yi kwanaki ina yawo da ita. Na yi tunanin in ce dattijon ya rikice, wani Aso ne daban. Amma da na faɗi haka gobe ma mararraba za ta koma. Ran nan ta dawo leɓunanta sun yi shuɗi don sanyi, sai na rufe ƙofa na ce ta zauna.

Na karanta mata duka, ban tsallake ko zagin da Baba ya yi ba. Da na gama ta dube ni ta ce, "Ƙarya kike."

Na ce, "Inna, ga shi a rubuce."

Ta ce, "A rubuce a wurin wa? Ni baƙin zane kawai nake gani. Kin kashe yayanki da bakinki don ki tafi makaranta."

Ban taɓa jin abin da ya yi mini zafi kamar wannan ba, har da Topzawa.

Ta fizge takardar ta kai wa liman. Ya karanta mata, ta ce shi ma bakinsu ɗaya da ni. Ta kai wa mai kantin magani. Washegari ta shiga mota zuwa Kalar, ta sami ɗaya daga masu rubuta wa mutane takardu a ƙofar kotu, wanda bai san mu ba, ta ce ya karanta. Da ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta ce, "Duk abu ɗaya suka faɗa." Can ta ƙara da cewa, "Da na iya karatu, da ban yi yawo da mutuwar ɗana hannu-hannu a kasuwa ba." Ba ta ba ni haƙuri ba. Da za mu ci abinci ta tura mini kwanon kindirmo gabana, shi ke nan.

Bayan mako guda ta ce a kafa zaman makoki. Liman ya yi jinkiri, wai ba gawa, ba shaida biyu. Ta ce, "Ni uwarsa ce, na ce ya mutu." Aka kafa. Mata da yawa sun ƙi zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. In Aso ya mutu a motar nan, nasu ma a cikinta suke. Sabriya sai a rana ta uku ta shigo, ba ta gaida kowa ba, ta zauna kusa da Inna ta fara dukan ƙirji.

A nan ne Inna ta buɗe baki ta yi kukan waƙa, irin wanda tsofaffinmu suke yi. Ban taɓa jin ta yi ba. Ta kira Baba, ta kira jaririyarmu Nasik da ta mutu a hannunta a sansanin Dibis, ta kira gonar rumman da maɓuɓɓugar ruwa. Da ta zo kan Aso ta ce:

An buɗe maka ƙofa, ɗana, ka ƙi fita,
ka ce ubana ba ya iya tafiya.
Wa ya koya maka wannan? Ni ce.
Da na sani da na raine ka marar kunya.

Ba mace ɗaya da ta rage a zaune daidai. Da mutane suka watse na ɗauko takarda na rubuta duk abin da na iya tunawa. Ta shigo ta tarar da ni. Ta ce me nake yi, na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ke."

Sannan ta ce, "Ba 'gonarmu' na ce ba, 'gonar Faraj' na ce. In za ki rubuta, ki rubuta daidai."

Na gyara. Tun daga ranar, in tana tsintar shinkafa ta kan ce, "Kawo takardarki," ta faɗi sunan wani gida a Kani Hanar da mutanen cikinsa, wa ya tafi, wa ya rage. Wani lokaci ta tsaya a tsakiya ta ce ya isa, ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai ba. Maganar jami'a ban ɗauko ba, ita ma ba ta ɗauko ba.

Ban gama hucewa da kai ba, Kawu. Amma ka gaida Cinar, ka ce ta rubuto mini ko da haruffan Turawa ne.

Sirwa

*

Sulaimani, Oktoba 1998

Nauzad,

Ni ce Runak. Sirwa ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa. In ta gyara mini magana zan sani, don sai na kai wa wani ya karanta kafin a rufe.

Ina gaishe ka, ina gaida Parwin, ina sumbatar idon Cinar. Ka ce da Parwin ta daina sa gurasa a ƙarƙashin matashi, tururuwa take kirawo wa. Jikina da sauƙi. Tsufa ne, ba shi da allura.

Takardunka na bazara sun zo. Ka cika ba da haƙuri. Ya isa haka. Tun kana yaro kake magana kafin ka gama tunani, karatu bai raba ka da wannan ba. Watannin nan da na yi ina jiran yaron, na ci abinci ya yi mini daɗi, na yi barci. Ban san ko in gode maka ko in tsine maka ba, sai na bar ka da Allah, shi ya san wanda ya dace.

Daga ɗakin kwanan ɗalibai nake maka magana. Ni na kawo ta da kaina. Na sa wa gida kwaɗo, na ba Sabriya makulli. Hannuna ya ƙi rufe kwaɗon, sai da yarinyar ta taya ni. A mota ban buɗe ido ba har muka wuce Darbandikhan. Na duba ɗakin, su huɗu ne a ciki, tagar tana buɗewa, matar da ke tsaron ƙofa tana da fuskar mutunci. Ɗaya daga cikin yaran 'yar Halabja ce, ita ma ba uba. Na ce su riƙa cin abinci tare.

Kada ka ce na warke, ko ka ce maganarka ce ta yi aiki. Har yanzu in ta fita sayen gishiri ina tsaye har ta dawo. Na duba ne na ga in na mutu, duk mutanen Kani Hanar da ke cikin kaina za su sake mutuwa, kuma wannan karon ba mai kuka. Ita ta ce a nan ana koya wa mutum yadda zai ajiye su. To, ta koya. Malamar nan Bahar ta buɗe aji na mata da hantsi, na je sau kaɗan. Allon yana sa ni ciwon kai, yaran unguwa suna leƙe ta taga suna dariya. Zan koma in sanyi bai yi yawa ba.

Gobe zan koma gida ni kaɗai. Ban san yadda gidan zai kasance ba.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar. Ka je wurin dattijon nan tun yana da rai, ka gaishe shi, ka ce uwar yaron ta gode da ya kama rigarsa. Sannan ka tambayar mini shi. Ranar da muka gudu daga gari ana ruwan sama, da muka tsallaka rafi taɓo ya cire wa Aso takalmi ɗaya, na hagu. Na ce in mun tsaya zan naɗe masa ƙafar da ɗankwalina, ba mu tsaya ba har aka kama mu. Da aka raba layi ina hango shi yana ɗingishi a kan tsakuwa. Ka tambaye shi, da ya gan shi a filin nan, akwai wani abu a ƙafarsa? Ko wani ya ba shi?

In ya ce bai lura ba, ka rubuto ka ce bai lura ba. Kada ka ƙara komai.

Yayarka,
Runak